Muƙamuƙin Mamman Dillali

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya da aka kawo ɗan acaɓan nan da ya karya hannu, kuna zaune a kan dakali kuna kallo, na ji ɗayanku yana cewa, "Ashe ɗorin ma ba wani abu ba ne, a ja, a tofa, a ɗaure." Na ji ka sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. To, gyara zama.

Ni a hannun Baffa Audu, ƙanen mahaifina, na koyi ɗori a nan Balan. Na shiga hannunsa bayan samun mulkin kai da kaɗan, kuma sai da na shekara uku bai bar ni na taɓa jikin ɗan Adam ba. Aikina gyaran kara. A samo karan dawa busasshe, a tsaga, a kankare gefensa don kada ya yanki fata, a jera a saƙa da zare kamar ɗan ƙaramin asabari. In na kai masa sai ya goga a bayan hannunsa, in ya ji kaushi ko yaya yake, ya jefa a murhu ya ce in sake. Daga kara aka ɗaga ni zuwa awaki. Duk akuyar da ta karye daga nan har Kademi ni ne likitanta. Akwai wata baƙar akuya da na ɗora wa ƙafar gaba, ta warke ƙafar tana kallon gabas, ita kuwa tana tafiya kudu. Shekara biyu in ta gifta ta ƙofar gidanmu sai Baffa ya ce, "Ilu, tashi ka gai da aikinka."

Kayan aikinmu duka jakar fata ɗaya ke ɗauka: karan ɗori, dogayen ƙyallayen saƙi, auduga, man shanu a cikin gwangwani, da 'yar wuƙa. Sauran kayan aikin yatsu ne, don ƙashi ba ganinsa kake yi ba, lalube kake yi ta saman fata. Addu'a kuwa muna yi, muna tofawa. Amma Baffa yakan ce, "Allah ke warkarwa, sai dai bai ce ka ɗaure a karkace ba."

Hannu da ƙafa masu jin magana ne. Ka ɗaure ƙafa ka ce wa mutum kada ya taka, zafi kaɗai ya isa ya zaunar da shi. Wanda ba ya jin magana shi ne muƙamuƙi. Ba shi da inda za ka jera masa kara, kuma da shi ake ci, da shi ake hamma, da shi ake dariya, da shi ake gaisawa. A duk shekarun da na yi tare da Baffa sau biyu na ga ya ɗora shi. Ni kuwa na farko da na yi da hannuna shi ne na Mamman Dillali.

A shekarar babban fari ne, wadda aka canza kuɗi zuwa naira. Gyaɗa ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, Fulani suna koro shanu kasuwar Ajingi suna sayarwa kafin su faɗi a hanya. Mamman dillalin shanu ne a kasuwar, kuma ban taɓa ganin mai baki irinsa ba. Yakan sayar maka da tsohuwar saniya har ka tafi kana jin tausayin wanda ka cuta. Ran nan ya kama wani ramammen bijimi, ya ɓare masa baki yana nuna wa mai saye haƙora, yana rantsuwa cewa bana ya cika shekara huɗu. Bijimin, da alama ya gaji da jin ƙarya a kansa, ya kaɗa kai sau ɗaya. Gindin ƙaho ya sami Mamman a haɓa.

Da ɗan aike ya iso, Baffa ya riga ya tsufa, hannunsa yana rawa. Ya dube ni ya ce, "Ɗauki jaka." Na hau keke na nufi Ajingi.

Na tarar da Mamman a soron gidansa, an jingina shi da bango, baki a karkace, yawu da jini suna zuba, haƙori ɗaya na ƙasa ya fita. Na laluba, na ji karayar a gefen hagu, tsakanin haɓa da turame, wato manyan haƙoran ciki. Ga yadda ake yi. Ka naɗe manyan yatsunka biyu da ƙyalle, don mai ciwo yana cizo ba da saninsa ba. Ka zura su ka ɗora a kan turamen ƙasa, sauran yatsun su tallafi haɓa ta waje. Ka danna ƙasa, ka jawo gaba a hankali, har ka ji bakin ƙashi ya sami ɗan'uwansa. Ma'auninka kuwa haƙoran sama. In na ƙasa suka zauna a cikinsu daram kamar murfi a kan tukunya, ƙashi ya koma gidansa. Haƙoran saman nan su ne karan ɗorinka, da su za ka haɗe muƙamuƙin ka ɗaure. Na fere sakaina daidai haɓarsa, na shimfiɗa mata auduga da man shanu, na kifa. Na ɗauko ƙyalle na zaga daga ƙarƙashin haɓa zuwa tsakar ka sau bakwai, na kawo wani ta ƙeya na ƙulle. Mamman ya fito kamar an naɗa wa tulu rawani.

Abinci kuwa, giɓin da bijimi ya yi masa ya yi mana rana. Na sa aka yanko sandar ganyen gwanda, mai rami a ciki, ta nan zai riƙa zuƙar kunu da tsinkakkiyar fura. Matarsa Tabawa ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Mai ɗori, in kamo kaza? Na ji ana karya ƙafar kaza a ɗora tare da mai ciwo." Na ce, "Yaya, gidanmu ba ma yi. In ma muna yi, ina za ki samo kaza mai muƙamuƙi?"

Sannan na kafa doka a gaban kowa. Kwana arba'in ba tauna, ba dariya, in hamma ta zo ya tallafe haɓa da hannu. Magana kuwa ko "a" ban yarda ba. Da na faɗi haka sai wani mahauci ya ce, "Mamman? Kwana arba'in? Ai gara ka ce kasuwa ta ci shiru."

Ƙanensa Garba, wanda ke bin motar gyaɗa zuwa Kano, ya ja ni gefe ya ce a asibitin birni likita yana ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, ko mutum ya so buɗe baki ba hali. Mamman ya ji. Ya zaro ido, ya riƙa kaɗa hannu kamar mai korar zuma. A ganinsa linzami za a sa masa. Gaskiya kuwa, dabararsu da tamu ɗaya ce, haƙori ya riƙe haƙori, sai dai waya ba ta saki, ƙyalle yana saki. Yanzu ma an wuce nan, an ce ƙarfe suke kafawa a jikin ƙashin da ƙananan ƙusoshi. Shi ya sa yau in an kawo mini muƙamuƙi nake cewa a wuce asibiti. Amma a lokacin mai abu ya ƙi, ni kuma ƙuruciya tana gaya mini na iya.

Kwana biyar na koma dubawa. Tun daga bakin lungu na ga takalma jibge a ƙofar soro. 'Yan dubiya ne, cike maƙil: dillalai, mahauta, Fulani da sandunansu, surukai, maƙwabta. Ina sa kai na ji ana gaisuwa, wata murya kamar daga cikin rijiya tana amsawa.

"Sannu, Mamman."

"Yauwa."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin, amin."

"Ya iyali? Ya muka ji da wannan fari?"

Ga ƙyalle ya zame ya koma bayan kunne, ga sakaina tana lilo. Wanda ya gama ya matsa, na bayansa ya durƙusa ya ɗauko daga farko. Na ɗaga leɓensa na duba. Haƙoran ƙasa sun goce hagu da faɗin ƙwayar masara.

Na sake jerawa, ya yi ƙara har jakin maƙwabta ya amsa. Da na gama na juya kan jama'a na zazzaga musu faɗa. Tabawa ta bari na huce, sannan ta ce, "To mai ɗori, ya za a yi? Mutum ya taso tun daga rugarsu a ƙafa, ya ce sannu, a zuba masa ido? Gobe a ce maigidan nan ya yi girman kai? Ai in ciwon bai kashe shi ba, bakin mutane ya kashe shi." Gaskiya ta faɗa, don ni ma da aka ce mini sannu da zuwa a soron sai da na amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya.

Na naɗa Garba wakili, ya zauna kusa da shi ya riƙa amsawa. Garba mutum ne mai sanyin baki. Aka ce, "Ya jikin?" ya ce, "To, ga shi nan dai." Mamman ya ji an zubar masa da mutunci, ya daka masa gwiwar hannu, ya buɗe baki zai gyara, na toshe da tafin hannuna. Sai na sake dabara. Na karɓo tasa da ludayi na ajiye a gabansa. Bugu ɗaya "yauwa", bugu biyu "da sauƙi", bugu uku "amin". Abin ya karɓu. Mutane har suka riƙa dawowa dubiya karo na biyu don su ji tasa. Na koma gida ina jin kaina, na ba Baffa labari. Shi kuwa ya ci gaba da jan carbinsa.

Tasa ta yi kwana shida tana aiki. Ran na bakwai Kawu Jibo ya iso daga Kademi a kan jaki. Wan mahaifiyar Mamman ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi masa aure. Tsoho ne tukuf, kuma kurma, sai an sa baki a kunnensa an yi ihu. Ya shigo ya ce, "Mamman, sannu!" Mamman ya buga tasa. Kawu bai ji ba. Ya sake cewa, "Mamman, sannu nake yi!" Mamman ya buga har ludayi ya tsage. Tsoho ya juya ya dubi jama'a ya ce, "Jama'a, ku shaida. Yaron da na goya a kafaɗa, ina gaishe shi yana wasa da kwano." Mamman ya fizge ƙyalle ya kwarara ihu, "Yauwa, Kawu!" Garba ya ce har ƙas ɗin ƙashin sun ji.

Da na jera a karo na uku, yatsuna sun gaya mini abin da ba na so in ji. Bakin ƙashin ya fara yin danƙo, alamar yana shirin kamawa. In ya sake gocewa yanzu, a karkace zai kama. Daga nan Mamman ba zai sake tauna tuwo ba, magana kuma sai dai gwalan-gwalan, kuma dillalin da ba a gane maganarsa ya tashi daga aiki. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga wannan bakin, a shekarar da rumbuna suke fayau.

Na dawo na faɗi a gaban Baffa na ce na kasa, a kai shi birni ko da ɗaure shi za a yi. Ya ce, "Ɗorinka ba shi da laifi. Haɓa ka ɗaure, ka bar gari a sake. Je ka tambayi limaminsu, wa ake yi wa sallama ya yi shiru ba a ga laifinsa ba."

Limamin unguwar dattijo ne mai raha. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya na kawo." Ya saurara, ya lissafa da yatsu. "Mai salla. Wanda yake bayan gida. Sai wanda ya shiga halwa." Ya dube ni. "Na farko ba ya kwana arba'in a tsaye. Na biyu kuma ba na jin Tabawa za ta yarda." Halwa dai ita ce mutum ya kulle kansa a ɗaki don ibada, ba ya ganin kowa, ba ya magana da kowa, galibi kwana arba'in. Na ce, "To Malam, a ce ya shiga mana." Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce, "A ce? Ni ba na halwar ƙarya. In zai shiga ya shiga da niyya, ya yi istigfari a zuci tun da lalura ce, ya roƙa mana ruwa. Mutumin da ya shekara ashirin yana rantsuwa a kan haƙoran shanu, kwana arba'in ma ragi aka yi masa."

Mamman ya yarda da ka. Aka share masa wani ɗan ɗaki a bayan soro, aka sa buzu da buta da carbi, aka saki asabari a ƙofa. Liman ya sanar a masallaci. Abin mamaki, garin da na yi wa faɗa ya ƙi ji, yanzu mutane in za su wuce ƙofar gidan sanɗa suke yi. Mahautan da suka san irin rantsuwarsa suka fara ce masa Malam Mamman. Wani Bafulatani da Mamman ya taɓa yi wa wayo a kan karsana ya aiko da ƙwaryar nono a sa shi a addu'a. Ni kaɗai nake shiga, duk kwana huɗu, in ƙara ɗaure ƙyalle in duba haƙora. Suna nan daram.

Wajen kwana na ashirin da biyar, na fito daga ɗakin ke nan da hantsi, sai ga Kawu Jibo a tsakar soro, ƙafafunsa sun yi fari fat da ƙura. A ƙasa ya zo, jakin ya mutu, ba ciyawa. Ya ce, "Na zo ganin ɗana." Na sa baki a kunnensa na ce yana halwa, ba a shiga. Ya gyaɗa kai. Duk da haka ya taka har bakin asabari, ya dogara sandarsa, ya ɗaga murya. "Mamman, sannu! Ya jikin?" Na leƙa ta gefe. Mamman yana zaune a kan buzu, ya damƙe haɓarsa da hannu biyu, hawaye suna bin ƙyalle. Ya dube ni, na girgiza masa kai. Tsoho ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Madalla. Yaro ya kama Allah." Ya sha ruwa, ya ƙi kwana, ya juya.

Saura kwana shida a kwance ɗori aka aiko daga Kademi cewa Kawu Jibo ya rasu, har an kai shi. Ni na ce a ɓoye wa Mamman, don kuka ya fi magana motsa muƙamuƙi. Tabawa ta yi kukanta a gidan maƙwabta.

Ranar arba'in soro ya cika har waje. Na warware ƙyalle zagaye bayan zagaye, na cire sakaina, na shafa man shanu a gindin kunnuwa. Na ce ya buɗe kaɗan, ya rufe. Haƙora suka zauna cif. Na bi layin ƙashin da yatsa, santsi, sai ɗan tudu inda ya haɗe. Mahauta suna ta zolaya, wani ya ce kalmarsa ta farko farashi ce, wani ya ce rantsuwa ce. Mamman ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan a hankali, da wata 'yar siririyar murya, ya ce, "Ina Kawu?"

Ba wanda ya iya dubansa. Liman ne ya matso ya gaya masa.

Bai yi kuka ba. Ya ce, "Ilu, ɗauke ni a kekenka." Na goya shi tun daga Ajingi har Kademi, ta cikin gonakin da suka ƙone, kuma duk tsawon hanyar nan mutumin da ba ya iya haɗiye magana bai ce mini uffan ba. Na so ya zage ni. Ni na girgiza masa kai ran nan, kuma ko yau aka sake kawo mini shi haka zan yi, amma ban taɓa jin nauyin aikina kamar ranar ba.

Aka nuna mana kabarin, ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Muka yi sallama, muka yi addu'a, muka shafa. Na miƙe zan ɗauko keke, sai na ga Mamman ya matsa wajen kan kabarin ya sunkuya, ya kewaye bakinsa da tafin hannu, yadda ake yi wa kurma magana. Ya buɗe baki iyakar buɗewa, ya kwarara ihun da ya tayar da kurciyoyi daga kan gawo.

"Yauwa, Kawu! Jiki da sauƙi!"

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, haɓarsa nake kallo. Ba ta goce ba.